Ranar da Na Dafa Wuƙar Malam

Na gaji da jin labarin nan a karkace, shi ya sa na zauna na rubuta muku shi da kaina. Duk suna ko biki da aka taru a gidanmu na unguwar Klemat, sai wani a cikinku ya ɗauko shi: wai Gwaggo Hajara ce ta jefa wuƙar Malam a tukunya ta dafa ta kamar kaza, wai tsoho ya yi wata biyu bai ko dube ta ba. A ƙyalƙyale da dariya a watse. To, dafawa kam na dafa, ban taɓa musu ba, kuma da za a mayar da ni waccan Juma'ar da na sake hura wutar. Amma ba wanda ya taɓa tambayata dalili, kuma waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya. Ni kaɗai na rage, don haka ku saurara.

Kakana, wato mahaifin babanmu Malam, daga ƙasar Katsina ya taso a ƙafa zai tafi Makka. Ya iso nan tun ana ce wa garin Fallomi, matarsa ta kwanta ciwo, ya ce bari damina ta wuce. Damina ta wuce, wata ta zo, shi ke nan zama ya kama shi. Sana'arsa rubuta Alƙur'ani da hannu, ita ya koya wa ɗansa, kuma da ita Malam ya ciyar da mu. Cikin abin da ya bar masa akwai wata 'yar wuƙar aljihu, irin mai ninkewa, tsawonta bai wuce tafin hannu ba. Da ita ake fiƙe alƙalami, ba a yanka komai da ita, ko goro. Ya kuma bar masa wata ƙa'ida wadda shi ma ya bi har ƙarshen ransa. Malam ya sha maimaita mana ita da muryar mahaifinsa:

"Kullum da safe, kafin ka taɓa takarda, ka buɗe wuƙar nan da farcen babban yatsanka. Ranar da yatsan ya kasa, ka ajiye alƙalami. Hannun da ya yi rauni zai ɓata maganar Allah, mai shi bai sani ba."

Kun ga ke nan wuƙar ba ta fiƙa kawai ba ce, ita ce ma'aunin hannunsa. Tana zaune cikin gafaka, jakar fatar da yake ajiye kayan rubutu, kuma a gidanmu ba wanda ke taɓa gafakar Malam. Ko Yaya Isuhu, babban wanmu, da gemunsa da matansa, bai isa ya kai hannu ba. Mutum ɗaya ta taɓa riƙe wuƙar nan da izini, ita ce Inna, mahaifiyarmu. Ita 'yar dukawa ce, ta tashi cikin masu aikin fata. Tana amarya ta lura ƙotar wuƙar, wadda ta ƙaho ce, tana zame wa Malam idan hannunsa ya yi gumi, sai ta ɗinka mata riga ta jar fata da koren zare, tun daga gindi har wuya, ɗinki ƙanana kamar an jera gero. Shekara arba'in da wani abu hannunsa na kan fatar nan, har jan ya koma baƙi-baƙi a inda yatsunsa ke zama.

Ni sunan mahaifiyarsa na ci, don haka bakin Malam bai taɓa furta Hajara ba. Uwata yake ce mini, tun ina goye har na haifi nawa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. A lokacin ina da aurena, mijina direban babbar mota ne, yakan yi makonni a hanyar kudu, don haka kekena na ɗinki a gidan Malam yake, a ɗan ɗakin da ke kallon nasa. Da safe in zo, in dama masa koko, in dafa shai, in hau keke sai la'asar. Inna ta rasu da shekara uku ke nan, sai ƙanwarsa Gwaggo Ladi ta dawo gidan tana kula da shi. Gwaggo Ladi mace ce mai kirki, amma ko ƙofa ta yi ƙara sai ta ce aikin mutane ne.

Malam ya rubuta Alƙur'ani shida a rayuwarsa, duk suna hannun wasu. Na bakwai shi ne ya ce na gida ne, ba na kowa ba, shi zai bar mana. Ya fara shi bayan rasuwar Inna, yana yi a hankali, ba gaggawa. A shekarar da nake ba ku labari, tsakiyar zafin nan da ke zuwa kafin damina, lokacin da ko ruwan randa sai ka hura, ya kai izu hamsin da huɗu. Saura shida. Sai wata safiya na kai masa shai na tarar ya naɗe takardu, ya rufe kurtun tawada, ya jingina da bango yana jan carbi.

"Malam, yau ba rubutu?"

"Kalas, Uwata, shi ke nan. Hannu ya ƙare."

Ban ɗauki maganar da nauyi ba, na ce gajiya ce da zafi. Amma kwana uku, mako, mako biyu, gafaka na rataye. Mutumin da ke cinye tuwonsa tas ya koma tsakura. Ya daina zama a ƙofar gida bayan la'asar, ya daina tsokanar Gwaggo Ladi kan gishirin miyarta. Yaya Isuhu ya ɗauke shi a mota zuwa lopital, wato asibiti, likita ya sa ya matse masa yatsu, ya ƙwanƙwasa nan da can, ya ce ba abin da ya gani sai shekaru. Malam ya dawo ya ce likita ya san jijiya amma bai san rubutu ba. Gwaggo Ladi kuwa ta cika gidan da hayaƙi, wai wani ne ya yi masa baki don baƙin cikin kyan hannunsa. Da ƙyar muka ji daga bakinsa cewa wuƙa ce ya kasa buɗewa. Yaya Isuhu ya je kasuwa ya sayo sabuwa mai ƙyalli, ya ajiye a gabansa. Malam ya ture ta da bayan hannu.

"Isuhu, ba wuƙa na rasa ba. Ma'auni ya nuna, kuma ba zan canza ma'auni don ya faɗi abin da nake so ba."

Yaya Isuhu, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwa ne, ba ya son abu a rataye. Yana da shagon atamfa a unguwar Diguel, kuma a can ya san wani malami baƙo da ya zo daga Najeriya, mai kyan hannu ƙwarai. Ya ce tunda haka ne a ba shi takardun ya cika izu shidan nan, a ɗaure, a yi walima tun tsoho na da rai. Malam ya ce to. Aka sa ranar Asabar mutumin zai zo ya karɓa. Wallahi ranar da ya ce ton nan na ga mahaifina ya tsufa a gabana. Littafin da ya ce shi ne gadonmu zai ƙare da hannun baƙo, kuma shi da kansa ya yarda, don yana ganin ya fi tsoron Allah a haka.

Ranar Laraba abin ya faru. Akwai wani gwangwani da muke zuba sukari, murfinsa ya yi tsatsa ya kama. Na yi, na yi, har na sa cokali, ko gezau. Ina tsaye a ƙofar ɗakin Malam da butar shai ina mita, sai ya miƙo hannu bai ko ɗago kai ba. Ya sa babban yatsansa na dama a ƙarƙashin murfin ya tura, fau, murfi ya yi sama. Ya miƙo mini ya ci gaba da carbinsa. Na tsaya da gwangwani a hannu kamar an dasa ni. Ni da nake da shekara talatin da 'yan kai, nake taka keke yini guda, na kasa, shi mai mataccen hannu ya buɗe da yatsa ɗaya. Na ce a raina, af, wannan hannun lafiyarsa ƙalau.

Washegari na zo da sassafe na leƙa ta labule. Ashe duk da ya ce kalas, kullum sai ya gwada. Na gan shi ya sauke gafaka, ya yi bisimilla, ya riƙe wuƙar da hagu, ya sa farce a tsagin yana ja, ta ƙi buɗuwa. Farcen ya riga ya dare gida biyu, da busasshen jini a gefe. Ya saki, ya dubi yatsan ya daɗe, sannan ya share ido da hannun riga. Ban san lokacin da na faɗa ɗakin ba, ko sallama ban yi ba.

"Malam, ba ni wuƙar nan in duba."

"Uwata, tun yaushe kika fara taɓa kayan rubutu?"

"Ba hannunka ba ne. Jiya ka buɗe gwangwanin da ya gagare ni. Ko kekena idan datti ya taru a gaɓoɓinsa sai ya cije, ba ƙafata ce ta mutu ba."

"Keke daban. Wuƙar nan ta yi wa mahaifina aiki, ta yi mini, ba ta taɓa ƙi ba. Kullum Juma'a ina shafa mata mai. Ƙarfe ba ya tsufa, mutum ke tsufa. Je ki kama aikinki."

Ya mayar da ita gafaka ya rataye. Na yafa mayafi na shiga mota har Diguel cikin ranar nan, na tarar da Yaya Isuhu yana auna wa wata mata yadi. Na zayyana masa komai. Ya saurare ni da rabin kunne, ya ce:

"Hajara, ke tela ce, ki tsaya a kan kekenki. Tsoho ya yanke shawara, an yi magana da mutum, jibi zai zo. Kada ki tayar mana da wata fitina."

"Yaya, kai ka taɓa gwada buɗe ta?"

"Ni? In taɓa gafakar Malam? Kin haukace ne?"

Kun ji inda matsalar take. Gida guda, maza da mata, likita da hayaƙi, an bincike tsoho daga kai har ƙafa, amma ba wanda ya binciki wuƙar, don ba wanda ya isa ya taɓa ta. Ladabinmu ne ya rufe mana ido. A motar dawowa na gama yanke abin da zan yi, kuma ban shawarci kowa ba.

Ranar Juma'a Yaya Isuhu ya zo ya ɗauki Malam zuwa babban masallaci kamar kullum. Suna fita na yi alwala, don tsoro ma sai da na yi ta sau biyu. Na shiga ɗakin, na sauke gafaka. Na ɗauko wuƙar na sa farce na ja, farcena ya lanƙwashe. Na kawo filayar da nake gyaran keke da ita, na naɗa tsumma a bayan ƙarfen don kada ya ƙwarzane, na ja da ƙarfin gaske. Da ƙyar ta buɗe kamar faɗin yatsa, tana wani kuka kamar tsohuwar ƙofa. Sai na ji dariya da hawaye sun zo mini tare. Na ce da ƙarfi, ni kaɗai a ɗaki, wallahi Malam ko maƙeri ba zai buɗe wannan da farce ba!

Na fito da ita tsakar gida wurin haske. Gaɓar, wato inda ƙarfen ke juyawa a kan ƙusa, ta cushe da wani baƙin abu mai tauri. Na ɗiga kananzir da tsinke, ina kiyaye fatar. Wani baƙin danƙo ya narko, ina shinshinawa na gane man riɗi ne da ya daɗe ya daskare da ƙura. Amma ta ƙi sakin jiki. Na sa allura na ɓanɓaro wani ɗan ɓarɓashi mai sheƙi, na ɗora a harshe. Ƙaro ne. Nan take komai ya warware mini. Da Inna na da rai ita ke daka masa ƙaro ta tace ta haɗa tawada. Bayan ta rasu bai yarda kowa ya karɓi aikin ba, shi yake yi da kansa, ya jiƙa ƙaro ya dama da yatsa, sannan ya ɗauki wuƙa ya gyara bakin alƙalami hannunsa na danƙo. Man riɗin kuma ba don ƙarfen yake shafawa ba. Fatar da Inna ta ɗinka ce ya ga ta fara bushewa, shi ne kullum Juma'a yake mulke ta don kada ta tsage, man yana gangarawa cikin gaɓa. Shekara uku ana haka, ƙaro na hawa kan mai, mai na hawa kan ƙaro.

To, ƙaro ba ya jin kananzir, ba ya jin mai. Ruwan zafi kaɗai ke narka shi, duk wadda ta taɓa sa wa hula ƙaro ta san wannan. Ga shi Inna ta kai ɗinkinta har wuyan wuƙar, ba yadda za a yi ruwa ya shiga gaɓa bai taɓa fata ba. Na gwada warware ɗinkin don in cire rigar in mayar daga baya, zaren ya ruɓe da mai, fatar ta manne da ƙahon, ina ɗagawa ta fara yagewa. Na gwada ɗiga ruwan da cokali, fatar ta jiƙe, ƙaron na ciki bai ko motsa ba. Daga nesa ina jin liman ya hau huɗuba. Ni jikar dukawa ce, ba wanda zai gaya mini abin da tafasasshen ruwa ke yi wa tsohuwar fata. Na san sarai abin da zan kashe. Na tsaya da wuƙar a hannu, ga ɗinkin uwata a gefe guda, ga izu shida na ubana a gefe guda, kuma gobe Asabar. Na ce, Inna, ki yafe mini, ke ma da kina nan abin da za ki yi ke nan. Na ɗora ƙaramar tukunya a kan gawayi.

Gwaggo Ladi ta idar da sallarta ta fito, ta ga abin da ke cikin tukunya, ta ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Hajara, me nake gani? Wuƙar Yaya kike dafawa? Kin kashe mu! Wa ya aike ki?"

"Gwaggo, matsa mini daga haske."

"Ni dai ba ruwana, ban gani ba, ban ji ba!"

Ta shige ɗaki ta turo ƙofa, amma ina ganin idonta ta kafar taga. Ruwan ya yi ja. Fatar ta takure, ta nannaɗe, ta saɓule daga ƙotar kamar ɓawon tumatir. Na tsamo ta na shimfiɗa a kan tsumma, ina kuka ina aiki, don ba lokacin zama. Na kama wuƙar da filaya ina buɗewa ina rufewa cikin ruwan, tun tana gardama har ta fara bi. Na canza ruwa sau uku. Na goge gaɓar da tsohon buroshin haƙori, na bi lungunan da tsinke da zare, na sake wanke ta da kananzir don ragowar man, na goge, na ɗora ta a kan kwanon rufin akurkin kaji da rana ta gasa, don kada ɗigon ruwa ya kwana a ciki ya zama tsatsa. Da ta bushe na ɗiga mata man keken ɗinki, ɗigo ɗaya tak, na share abin da ya fito. Abu ɗaya ne ban taɓa ba, ita ce ƙusar. Ban buga ta ba, ban sassauta ta ba, don na san idan na sassauta na lalata ma'aunin, kuma na yaudari mahaifina. Na sa farce na ja. Ta buɗe da ɗan nauyinta na asali, ta tsaya, ƙas.

Ban mayar da ita gafaka ba, ni ba ɓarauniya ba ce. Na shimfiɗa farar takarda a kan buzunsa, na ɗora wuƙar a rufe, na ajiye abin da ya rage na fatar a gefenta, na zauna a bakin ƙofa ina jira. Suka dawo, Malam a gaba, Yaya Isuhu na riƙe da dardumarsa. Malam ya tsaya cak. Bai dubi wuƙar ba, fatar ya durƙusa ya ɗauka. Ta ƙanƙance ta yi tauri, koren zaren na reto. Ya juya ta a tafin hannunsa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Malam."

Yaya Isuhu ya taso mini, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba: rashin kunya, taurin kai, ai ya gaya mini, ai ni tun ina yarinya ba na jin magana. Malam ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi. Sannan ya dube ni, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Hannun uwarki ne wannan. Shi kaɗai ya rage mini da nake taɓawa kullum."

"Na sani, Malam. Ƙaro ne da man riɗi suka cushe ta. Ban taɓa ƙusar ba, ka duba da idonka. Ka buɗe ta."

"Ku fita mini daga ɗaki."

Muka fita. Bai buɗe ta a gabanmu ba, kuma ranar bai ci abincin kowa ba. Da safiyar Asabar na zo kamar yadda na saba, don na ce ko korata za a yi sai dai a kore ni ina tsaye. Na dama koko, Gwaggo Ladi ta kai masa. Na zauna a kan keke amma ban taka ba, kunnena na ɗakinsa. Can sai na ji ƙas. Shiru. Aka rufe, aka sake buɗewa, ƙas. Sau uku. Sai kuma na ji wannan 'yar ƙarar da na tashi da ita tun ina rarrafe, ƙarar wuƙa tana fiƙe kara. Na kifa kai a kan keke na yi kuka mai isata. Da hantsi malamin Diguel ya iso, mutum mai natsuwa, Malam ya karɓe shi da girmamawa, aka sha shai, ya ba shi haƙuri, ya raka shi har ƙofar gida. Takarda ko ɗaya ba ta fita ba.

Kada ku ɗauka daga nan aka yi ta murna. Rubutu ya dawo, cin abinci ya dawo, tsokanar Gwaggo Ladi ta dawo, amma Uwata ba ta dawo ba. In na gaishe shi zai amsa, lafiya, shi ke nan. In yana son abu sai ya ɗaga murya ya ce, Ladi, a ce wa mai keke ta rage ƙara, ko a ce wa mai keke shai ya yi sanyi, alhali ina tsaye taku uku daga inda yake. Ni da ban taɓa jin ya kira ni da wani suna ba, na koma mai keke a gidan ubana. Abin ya ci ni ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba, har rama na yi. Yaya Isuhu ya ce in je in durƙusa in ce na yi kuskure. Na je na durƙusa na nemi gafarar taɓa gafaka ba izini, da ɓacin ran da na jawo masa. Amma ban ce kuskure ba ne, don ba zan yi wa mahaifina ƙarya ba. Ya ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, ya ci gaba da rubutunsa bai ɗago ba. Haka muka yi wata biyu, ruwa ya sauka, titunan unguwa suka cika da taɓo, shi kuma izu na tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Ya sa aya ta ƙarshe wata ranar Litinin. Aka yi 'yar walima, aka yanka rago, malamai suka zo suka duba shafi-shafi ba su sami gyara ba. Washegari da hantsi ina ɗinka wa wata mata riga, sai inuwa ta rufe mini haske. Na ɗaga kai na ga Malam tsaye a ƙofar ɗakin keke, ɗakin da bai taɓa sa ƙafa ba. Ya shigo ya ajiye abu biyu a kan teburin keken: wuƙar, da wani ƙyallen jar fata sabuwa ful. Daga baya na ji shi da kansa ya taka har kasuwa wurin dukawa ya zaɓo, cikin taɓon nan.

"Uwata, ƙotar nan tana zame mini."

Na ɗauki fatar na juya ta. Da ƙyar na ce:

"Malam, ni ban iya ɗinkin fata kamar Inna ba."

"Ban ce ki yi irin nata ba. Ta yi nata. Ki yi naki." Ya juya zai fita, sai ya tsaya a bakin ƙofa. "Amma ki bar wuyan a buɗe, yadda ruwa zai samu shiga."

Kwana uku na yi ina fama, na soke yatsuna ba adadi, ɗinkin ya fito a karkace, wani babba wani ƙarami. Ya karɓa ya jujjuya, ya ce ya yi. Da shi ya riƙe ta sauran shekarunsa. Bayan rasuwarsa, da aka buɗe gafaka, mun sami tsohuwar fatar Inna a naɗe cikin takarda a aljihun ciki. Ashe bai taɓa rabuwa da ita ba, kuma ban taɓa sa ran zai rabu ba.

To, wannan shi ne labarin dafa wuƙa. Wanda ya ga dama ya ci gaba da dariya, ni ma nakan taya ku. Amma kafin ku yi, ku yi alwala ku sauko da littafin nan da ke ɗakin Malam, ku buɗe shafin farko, ku buɗe na ƙarshe, ku jera su. Ku nemo mini inda hannun ya canza.